Cike gurbin aikatau a jimlar Turanci: inda Hausa ke raka ɗalibi da inda take kai shi ta baro

Akwai wata jimla da nakan rubuta a allo duk ranar da na karɓi sababbin ɗalibai a darasin yamma da nake koyarwa a Birnin Kebbi, wato masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Gajeriya ce: "My uncle ____ in Jega since 2015." A ƙarƙashinta sai in jera zaɓi huɗu: "lives", "is living", "has been living", "lived". Daga nan in koma bakin taga in zuba ido. Abin da nake gani kusan kullum iri ɗaya ne. Yaro zai ɗora biro a leɓe, bakinsa na motsi a hankali, yana juya jimlar zuwa Hausa a zuci: "Kawuna yana zaune a Jega tun 2015." Da ya ji "yana", shi ke nan, hannunsa ya tafi kan "is living". Amsar kuwa "has been living" ce.

Yaron nan bai yi wauta ba. Ya yi awo da hankalinsa, sai dai mudun da ya ɗauko na wata kasuwa ne. Abin na damuna ƙwarai, domin ba ƙaramar asara ake tafkawa a nan ba. Duk wanda bai samu kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya cinye sauran darussa. A jarrabawar JAMB kuwa, cikin tambayoyi 180 da ɗalibi zai amsa a kwamfuta, 60 na Turanci ne, kuma irin wannan cike gurbi ba ya taɓa fashi a ciki. Na sha ganin yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi da kimiyya ya sake zaman shekara guda a gida saboda wannan.

Tushen matsalar yana wurin da kowane harshe yake ajiye lokaci. Mu duba Hausa tukuna: ya karanta wasiƙa, yana karanta wasiƙa, zai karanta wasiƙa, yakan karanta wasiƙa, sun karanta wasiƙa. Kalmar "karanta" ko gezau ba ta yi ba. Duk nauyin yana wuyan 'yar ƙaramar kalmar da ke gabanta, wadda malaman nahawun Hausa suke kira zagin aikatau. Ita ke faɗin wa ya yi, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko da yawa, an gama ko ana ciki. Ko a bakinmu na nan Kabi, inda muke cewa "shina karanta" da "sunka karanta", zagin ne ya sauya kama, aikatau yana nan yadda yake.

Kada a ɗauka aikatau na Hausa ba ya sauyawa. Yana sauyawa sosai, amma don wata buƙata dabam. Ɗan kasuwar Aliero ya sayi albasa, ya saye albasa, ya sayo albasa, ya sayar da albasa. Kowane Bahaushe ya ji bambanci: a ɗaya ya kwashe ta duka, a ɗaya ya taho da ita nan, a ɗaya ita ce ta bar hannunsa. Wannan shi ne tsarin da wani masani Bature, F. W. Parsons, ya kasa gida bakwai a 1960, ake kiransa giredin aikatau. Ƙarshen kalmar yana nuna alkibla da cikar aiki, ba ruwansa da jiya ko gobe.

Turanci kuma a jikin aikatau kansa yake ɗaura lokaci, da shi da mataimakan da ke shige masa gaba. Yawancin aikatau irin su "write" suna da siga biyar: "write", "writes", "wrote", "written", "writing". Shi kuwa "be" takwas gare shi: "be", "am", "is", "are", "was", "were", "been", "being". Nakan ce wa ɗalibaina da suka yi makarantar ilimi kada wannan ya firgita su, don sun riga sun san irinsa. Wanda ya haddace kataba, yaktubu, uktub, ya san fi'ili mali da mudari'i da amri, ai ya san kalma guda tana sauya riga gwargwadon lokaci. A ƙasar nan tamu Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa littattafan nahawu da sarfu a waƙe, kuma har gobe ana karanta su a zaure. Sarfu dai ba baƙo ba ne a wurinmu.

Bambanci na biyu ya fi na farko zurfi, kuma shi ne malamai da yawa ba sa tsayawa su warware. Abin da Hausa ta fi kula da shi shi ne ko aiki ya kammala ko yana gudana. Batun yaushe, sai ta bar wa sauran kalmomin jimla. Shi ya sa za ka ce "Jiya war haka ina noma", ka kuma ce "Gobe war haka ina noma", da "ina" guda. Har ma kana iya cewa "Gobe war haka na isa Yauri", ka yi amfani da sigar abin da ya wuce a kan tafiyar da ba ka ko ɗaura kayanta ba. Turanci ba ya yarda da wannan sassauci. Na jiya "I was farming" ne, na gobe "I will be farming", na Yauri kuma "I will have arrived". Saboda haka duk ɗalibin da ya kafa a ransa cewa "yana" daidai yake da "is", "ya" kuma daidai da "-ed", zai dace wani lokaci, ya faɗi wani lokaci, kuma ba zai san dalilin ko ɗaya ba.

To ina mafita? Amsar tana cikin jimlar da aka ba ka. Mai shirya tambaya ba ya barin gurbi sai ya ajiye shaidar da za ta kore zaɓi uku ta bar ɗaya, in ba haka ba tambayar ta lalace. Aikin ɗalibi shi ne ya nemo shaidar kafin ya leƙa zaɓin.

Shaida mafi arha ita ce kalmar da ke manne da gurbin ta hagu. In ka ga "did", "do", "does", ko su "can", "will", "must", "should", "may", to aikatau tsurarsa zai zo, babu ƙari ko ɗaya. "Did you go" ake cewa, domin "did" ta riga ta ɗauki lokacin, kuma ba a biya wa buhu ɗaya kuɗin mota sau biyu. In ka ga "has", "have" ko "had", siga ta uku ake nema, wato ta ƙarshe a jeri irin na "go, went, gone", irin su "gone", "written", "eaten". In kuwa ɗaya daga cikin iyalan "be" ce a wurin, sai ka tambayi kanka: mai jimlar shi ke yin aikin ko shi ake yi wa? Masunci "is catching", kifi kuwa "is caught". Inda duk Hausa za ta ce "an kama", "aka gina", "za a buɗe", to akwai alamar Turanci zai nemi "be" da siga ta uku. Waɗannan ba sa buƙatar dogon tunani, haddarsu ake yi.

Inda ake fara gumi shi ne kalmomin da ke zaɓar abin da zai biyo su. "Want", "decide", "hope", "refuse", "promise" suna jan "to" da aikatau tsura. "Enjoy", "avoid", "finish", "mind", "deny" kuma sai mai "-ing". "Make" da "let" ba sa son "to" a jimla irin wannan: "She made him sweep the room." Bayan su "of", "in", "without", "before", "after", nan ma mai "-ing" ne. Akwai tarko a nan da masu jarrabawa suke matuƙar so: wata "to" ɗin ba ta aikatau ba ce, ta rukunin su "of" da "in" ce, don haka "I look forward to seeing you" ne daidai. Haka "I used to go", wato da can nakan je, dabam yake da "I am used to going", wato na saba da zuwa.

Akwai misali guda da in na ba da shi aji kan yi tsit. Direba ya taso daga Birnin Kebbi zai tafi Yauri, azahar ta riske shi a Koko. "The driver stopped to pray" na nufin ya tsaya don ya yi salla. "The driver stopped praying" kuwa na nufin ya daina salla. Haruffa uku ne tsakani, amma ɗaya yabo ce, ɗaya kuma ƙazafi ne da ba wanda zai so a yi wa mahaifinsa. Daga ranar ba na ƙara jin wani ya ce ai duk ɗaya ne.

Sai batun wanda ya yi aikin. Wata rana wata yarinya 'yar Argungu, mai yawan shiru a layin baya, ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, kun ce muna 's' alamar jam'i ce. To mi yas sa mutum ɗaya 'goes', mutane da yawa kuma 'go'?" Na ji daɗin tambayar har cikin raina. Na ce mata: "Ɗiyata, 's' biyu ne, kama kawai suka yi." Ta jikin suna ita ce ta jam'i. Ta jikin aikatau kuwa asalinta dabam. A tsohon Turanci "goeth" da "hath" ake cewa, daga baya "s" ta maye gurbin "th", kuma aikinta ta nuna mutum ɗaya wanda ake magana a kansa, a lokacin yanzu. Sauƙin abin shi ne, galibi "s" ɗaya ce ke yawo tsakanin suna da aikatau: "the boy goes", "the boys go". In tana nan, ba ta can. "I" da "you" ne kawai suka fita daga wannan lissafi, su ba sa ɗaukar ta.

Masu tambaya sun san ɗalibi yakan dubi sunan da ya fi kusa da gurbi, sai su cusa wani a tsakani don ya ruɗe shi. "The bag of onions ____ in the lorry." Idon yaro na kan "onions", sai ya zaɓi "are". Amma me ke cikin motar? Buhu ne, kuma ɗaya ne, don haka "is". A nan Hausa abokiyar tafiya ce, domin ba mai cewa "buhun albasa suna cikin mota". Haka "One of the fishermen has a canoe", ɗaya daga cikinsu ake nufi. Tana kuma taimako a "everybody" da "each", tunda mu ma "kowa ya zo" muke cewa, sai Turanci ya ce "everybody has come". 'Yan sanda sun zo, "the police have come". Shanu suna kiwo, "the cattle are grazing". Duk waɗannan hanyarmu ɗaya.

Inda take kai mutum ta baro shi ne irin su kuɗi da kaya da labarai. Mu mukan ce kuɗin sun ƙare, kayan sun iso, labarai sun bazu. A Turanci "money", "luggage", "furniture", "news", "information" duk tilo ne, "is" da "has" suke ɗauka. Haka "Mathematics" da "Physics", duk da "s" ɗin da ke wutsiyarsu. Sannan a Hausa in ka ce sarki tare da hakimansa, "sun iso" za ka ce. Turanci kuwa in ya ga "together with" ko "as well as", na farkon kawai yake dubawa: "The Emir, together with his chiefs, has arrived." Ga "neither... nor" da "either... or" kuma, sunan da ya fi kusa da gurbin shi ke da iko. "A number of students are", amma "the number of students is".

Yanzu mu koma kan lokaci, inda mafi yawan maki ke zubewa. "Na ci abinci" jimla ɗaya ce a Hausa, amma biyu ce a Turanci: "I ate" da "I have eaten". Ta farko tana ajiye aikin a wani lokaci da ya shige aka rufe shi. Ta biyu tana jawo shi zuwa yanzu, kamar mai cewa na ci, ga shi kuwa a ƙoshe nake. Don haka duk inda jimla ta ambaci lokacin da ya wuce ƙarara, irin su "yesterday", "last week", "two years ago", "in 1991", to "has" da "have" ba su da wurin zama. An ƙirƙiro jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1991, sai mu ce "Kebbi State was created in 1991." Amma in muna nufin tun daga lokacin har yau jiha ce, sai mu ce "Kebbi has been a state since 1991." Shekarar ɗaya ce, abin da ya raba su "in" da "since". Wannan ita ce amsar kawun nan na Jega: "tun" ta Hausa tana tafiya da "yana", amma "since" ta Turanci tana neman "has" ko "have", domin aiki ne da ya faro a baya ya kawo yanzu.

Idan abubuwa biyu suka faru a baya, ɗaya ya riga ɗaya, na farkon shi ke ɗaukar "had". Nan kalmar "riga" tana da amfani: kafin mu isa tasha mota ta riga ta tashi, "the bus had left before we reached the park". Haka in an ba da labarin maganar wani da "said" ko "told", lokacin yakan ja da baya taki ɗaya. Hausa ta ce "ya ce yana zuwa", Turanci ya ce "he said he was coming".

Akwai wani rukuni na aikatau da ke nuna hali ko abin da ke cikin zuciya, ba motsin jiki ba, kuma a nan harsunan biyu sun yi hannun riga ta fuska biyu. Muna cewa ina da mota, ina son ruwa, ina jin Fulatanci. Da yaro ya ji "ina" sai ya rubuta "I am having a car", "I am wanting water", alhali "I have" da "I want" ne, na ukun kuma "I understand". Ta ɗaya fuskar, muna cewa na sani, na gane, na yarda, na gaji, da sigar abin da ya kammala, sai yaro ya zaɓi "knew" ko "agreed", alhali halin da yake ciki yanzu yake faɗa: "I know", "I agree", "I am tired". Abin da ke ƙara dagula wannan shi ne, irin su "I am having" sun cika bakin mutane a Najeriya, a ofis da kasuwa har da rediyo. Shi ya sa ba na goyon bayan shawarar da ake ba yara cewa su zaɓi wanda ya fi daɗi a kunne. Kunnen da ya tashi yana jin kuskure safe da yamma, kuskuren ne zai yi masa daɗi. Wannan shawara tana yi wa wanda ya yi karatun littattafai masu yawa aiki, amma ga yaron da Turancinsa na aji ne kawai, tura shi rami ne.

Jimlolin sharaɗi kuwa, a ganina, mu Hausawa mun fi wasu sa'a, domin harshenmu ya raba "idan" da "da" rabuwa mai kyau. "Idan" ta abin da zai iya faruwa ce, "da" kuma ta abin da bai faru ba. Da ruwa ya sauka da wuri, da mun shuka gero: "If it had rained early, we would have planted millet." Duk inda zuciyarka ta ba ka "da... da" a kan abin da ya riga ya wuce, to "had" a ɓangaren sharaɗi, "would have" a ɗaya ɓangaren. In kuma zato ne na yanzu, kamar da ina da kuɗi da na sayi injin ban-ruwa, sai "If I had money, I would buy". Wurin taka-tsantsan yana ga "idan". Muna cewa "idan ya zo zan faɗa masa", sai "ya zo" ta ja yaro zuwa "came". Wani kuma ya ga ai zuwan gaba ne, sai ya ɗauki "will come". Duka biyun sun kauce. Bayan "if", "when", "until", "as soon as", in maganar gaba ake yi, sigar yanzu ce: "If he comes, I will tell him."

Akwai 'yan tsirarun da ba su bin hankalin kowa sai dai a riƙe su yadda suke, kuma suna yawan fitowa: "It is high time we left", "I wish I were there", "I would rather you came tomorrow". Sigar baya ce a kan abin da bai faru ba. Haka aikatau marasa bin ƙa'idar "-ed", waɗanda ake amfani da su yau da kullum sun kai wajen 200. Ba wata dabara a kansu sai tilawa, uku-uku, da babbar murya, yadda muka yi wa sarfu: "begin, began, begun", "lie, lay, lain", "lay, laid, laid". Nakan sa aji su yi goma kowace rana kafin a tashi, kuma a mako uku ana ganin bambanci a rubutunsu.

Ga yadda nake so ɗalibi ya bi tambaya in ta zo masa a dunƙule. Mu ɗauki wannan, daga bikin kamun kifi na Argungu: "By the time the fishermen entered Matan Fada, the crowd ____ for three hours." Zaɓin su ne "is waiting", "has been waiting", "had been waiting", "waited". Ya rufe zaɓin da tafin hannu tukuna. Ya ja layi a ƙarƙashin "entered", wannan ya gaya masa labarin baya ne, don haka duk mai "is" ko "has" ya fita. Saura biyu. Ya dubi "by the time", wadda ke nuna jiran ya riga shigar masunta ruwa, ke nan ana buƙatar "had". Ya dubi "for three hours", wadda ke nuna jiran ya ɗauki tsawon lokaci yana gudana har zuwa sa'ar da aka shiga, ke nan "been waiting". Sai ya ɗaga hannunsa ya nemi "had been waiting" a cikin huɗun, ya mayar da ita gurbin, ya karanta jimlar daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya, ya wuce tambaya ta gaba.